Ba man fetur ne ya cinye dalar gyaɗa ba

Duk sanda wani ya ɗora tsohon hoton nan na dalar gyaɗa ta Kano a Facebook sai ka ga an taru ana ta Allah sarki, ana cewa ai mai ne ya zo muka koma malalata muka yar da fartanya. Ni wannan magana tana ci min rai wallahi, saboda manomin Arewa bai taɓa ajiye fartanya ba ko na damina ɗaya, har yau ɗin nan Najeriya tana cikin ƙasashe uku ko huɗu da suka fi kowa noman gyaɗa a duniya, mu ne dai muke cinye abarmu, mai da ƙuli-ƙuli da kunu. Abin da ya mutu shi ne cinikin fitar da ita, kuma a ofis aka kashe shi ba a gona ba, da biro da takarda, wajen masu yanke farashi da masu tsayar da darajar naira.

A koma farko tukuna. Reluwe ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912, kuma Turawa ba don gyaɗa suka ja layin ba, auduga suke kwaɗayi don masaƙun Ingila. Amma da manomin ƙasar Kano ya auna ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, ta fi sauƙin aiki, kuma in shekara ta yi tsiya ana iya cin ta, auduga kuwa ba a tuƙa tuwo da ita, sai ya juya wa auduga baya. Fataken goro da suka riga suka san kan kasuwa suka shiga ƙauyuka da kuɗi da gishiri da yadi suna ba da bashi kafin kaka, cikin shekara ɗaya tashar jirgin Kano ta cika maƙil da buhuna har jirgi ya kasa kwashewa. Babu gwamnatin da ta yi gangami, babu wanda ya ƙaddamar da shiri, farashi ne kawai ya yi magana manomi ya ji. A riƙe wannan, don duk abin da zai biyo baya a kansa yake tafiya.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai aka zo da hukumar cinikin amfanin gona, ta gyaɗa an kafa ta 1949, a 1954 kuma kowace jiha ta samu tata, Arewa da tata, Yamma da ta koko, Gabas da ta manja da ƙwara. Tsarin shi ne hukuma ce kaɗai ke da ikon fitar da kaya waje, ita ke yanke farashi tun kafin kaka, ejan masu lasisi su saya mata. Dalilin da aka bayar wai don a kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya, a tara rara a shekarar daɗi a cike masa a shekarar wuya. A aikace kuwa haraji ne aka sa wa wata riga. Wani masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya yi lissafi ya nuna daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1960 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu ba ya isa hannunsa. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda yake ɗora buhu biyu a jaki tun asuba ya nufi wajen awo, malamin sikeli ya soka ƙarfe a buhu ya zaro ƙwaya ya murza a tafin hannu ya ce akwai ƙasa ko ba ta bushe ba, a rage masa daraja, shi kuma ba shi da wani wajen da zai kai, ga ɗan sandan En'e yana jiran kuɗin haraji, dole ya karɓi abin da aka miƙo. Ko dalar nan da muke alfahari da ita, mai cin buhu wajen 15,000 kowace ɗaya a Ƙofar Mazugal, wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne jirgin ƙasa ba ya iya kwashe kayan zuwa Legas a kan lokaci, sai su yi wata da watanni a jibge, wani lokaci har kaka ta zagayo. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa zamanin aljanna ne.

Amma akwai abu ɗaya da zamanin yake da shi wanda muka rasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin Arewa daga aljihun manomi take ci, in gyaɗa da auduga ba su yi ba to albashi ma sai ya yi wuya, don haka dole ta damu da shi ko tana so ko ba ta so. Shi ya sa ka ga an riƙe cibiyar binciken noma ta Samaru da gaske, ana fitar da iri, malaman gona suna yawo ƙauye ƙauye a keke, an ja reluwe zuwa Ƙauran Namoda da Nguru tun wajen 1930, daga baya har Maiduguri a 1964. Kuma rarar da aka tatsa wani kaso nata an ga inda ya shiga, masaƙar Kaduna ta KTL a 1957, Bankin Arewa, jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ana matse manomi, gaskiya ne, amma ba a yarda a bar shi ya mutu ba.

To sai mai ya zo. An haƙo shi a Oloibiri 1956, aka fara fitarwa 1958, amma bai zama uban gida ba sai bayan yaƙin basasa. A ƙarshen 1973 farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, kafin ka ce kwabo mai ya zama fiye da kashi 90 na abin da ƙasa ke fitarwa, kuma wajen kashi 80 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A daidai lokacin an riga an farfasa jihohin nan huɗu zuwa 12 a 1967, aka mai da su 19 a 1976, kowace ta koma jiran kaso daga Legas. Gwamnan da a da sai ya leƙa sama ya ga ko hadari ya haɗu kafin ya yi kasafin kuɗi yanzu farashin ganga kawai yake tambaya. Ko soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a 1979, wanda ni ina ganin adalci ne don talaka ya sha azaba a kansu, ai ya yiwu ne saboda gwamnati ta daina buƙatar kwabon talaka, kuma daga ranar da ta daina buƙatar kwabonsa ta rage jin kukansa.

Allah ma ya kawo nasa jarrabawar a lokacin, farin 1972 zuwa 1974 da ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki daga nan har Nijar, sannan 1975 cutar rozet da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta share gonakin gyaɗa dubban ɗaruruwan hekta. Amma fari ba baƙo ba ne a ƙasar nan, an yi a 1913 an tashi. Abin tambaya shi ne me ya sa wannan karon ba a tashi ba.

Nan ne maganar da masana ke kira cutar Holan take shigowa, sunan ya samo asali ne daga abin da ya faru da masana'antun ƙasar Holan bayan sun samu iskar gas a 1959. Abin ba shi da wuyar ganewa. Dala ta yi ambaliya ta shigo ƙasa, gwamnati ta canza ta zuwa naira ta watsa a gari, albashi da kwangila da gine-gine. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya zo har da ariyas na watanni, ma'aikata suka cika kantuna ana sayen rediyo da babur da firji, a 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30. Komai na cikin gida ya yi tsada, ƙwadago, haya, sufuri, abinci. Amma dala ita ba a bar ta ta yi tsada ba, an ɗaure ta, har a 1980 dala ɗaya kwabo 55 ce, muna ta murna wai nairarmu ta fi dala ƙarfi. To ka ɗauki misali, kayan da manomi ya noma an sayar a Turai dala 100, in an dawo da kuɗin gida naira 55 ne, a cire na hukuma, a cire na eja, a cire na mota, alhali kuɗin ɗan ƙwadagon da zai yi masa noma ya ninka sau biyu ko uku saboda yaron ya gano in ya tafi Legas ko Kaduna ya ɗauki kwanon siminti zai samu a sati abin da ba ya samu a wata. Ta ɗaya gefen kuma wanda ya samu lasisin shigo da kaya yana sayen dala a bagas, ya kawo shinkafar Amurka da ta Tailan da man girki da daskararriyar kaza su fi na gida arha. Wato an sa wa mai nomawa haraji an ba mai shigowa da kaya tallafi, ba tare da an taɓa rubuta haka a wata doka ba. Wa zai ci gaba da noman fitarwa a haka? Manomi ya yi abin da kakansa ya yi a 1912, ya duba farashi ya canza shawara, ya koma gero da dawa da wake, wanda ke kusa da iyaka kuma ya tsallaka da gyaɗarsa Maraɗi ko Damagaram duk shekarar da sefa ta fi biya. Kafin shekarun 1970 su ƙare, ƙasar da ta fi kowa fitar da gyaɗa a duniya ta daina fitarwa.

Kuɗin kuma ina suka tafi? Kowa ya san labarin siminti na 1975, aka yi odar tan miliyan 20, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaban tashar Apapa wata da watanni ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ya daskare a cikin jirgi. An yi tituna da jami'o'i da gadoji kam, ba a ce ba a yi komai ba, an kafa wuraren haɗa motoci, Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sai dai kusan kowane ƙusa daga waje ake kawo shi da dalar mai. Aka fara masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta wadda har yau muna jira. Noma ma an zuba masa kuɗi, shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, na Shagari a 1980, hukumomin raya koguna, amma yawancin kuɗin manyan madatsun ruwa da taraktoci da kwangilar taki suka tafi, abubuwan da ake yanke ƙyalle a buɗe, ba farashin da manomi zai samu a bakin gona ba. A Bakolori kusa da Talatar Mafara ma a 1980 manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma aka kashe mutane da yawa, a aikin da aka ce don su ake yi.

In wani ya ce ai haka mai yake yi wa kowa, ƙaddara ce, sai in ce ya dubi Indunusiya. Ƙasa ce mai yawan jama'a kamar mu, yawanci Musulmi, ƙabilu barkatai, a lokacin soja ke mulki, tana ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai ta OPEC tare da mu, ta samu ambaliyar dalar nan a shekarun da muka samu. Cin hanci kuwa ba a magana, kamfanin mansu Pertamina ya kusa durƙusar da ƙasar da bashin wajen dala biliyan 10 a 1975, Suharto da iyalansa sun ci iya cinsu kuma hannunsa akwai jinin mutane masu yawa, ba wai ina wanke shi ba ne. Amma gwamnatinsa tana tsoron yunwar ƙauye, ta san in shinkafa ta gagara kujerar ma za ta gagara. Sai suka ɗebi kuɗin mai suka zuba a ƙananan hanyoyin ruwa na ƙauye, da taki mai arha da ke isa hannun mai ƙaramar gona, da sabon irin shinkafa, da bashin noma, hukumarsu ta Bulog ta sa farashin da shinkafa ba za ta faɗo ƙasa da shi ba lokacin girbi. Suka gina firamare sama da 61,000 tsakanin 1973 da 1978. Babban abin kuma, a 1978 ana tsakiyar samun kuɗin mai suka karya darajar kuɗinsu da gangan, daga rupiya 415 a dala zuwa 625, don kada mai roba da mai kofi da mai masaƙa su mutu, suka sake yi a 1983 da 1986. Mu a lokacin karya darajar naira kamar zagin uwa ne. Ƙasar da ta fi kowa sayen shinkafa daga waje a shekarun 1970 ta ciyar da kanta a 1984, talaucinsu a lissafin hukuma ya sauko daga kashi 40 a 1976 zuwa kashi 11 a 1996. A 1980 abin da ɗan Najeriya ke samu a shekara in an raba ya fi na ɗan Indunusiya, yau nasu ya ninka namu fiye da sau huɗu, kuma su ne kan gaba a manja a duniya, itacen da asalinsa na Afirka ta Yamma ne.

Mu kuwa da farashin mai ya fara zamewa a 1981 sai aka shiga cin bashi da fatan gobe zai dawo. Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, Buhari ya zo aka shiga layin madara da sabulu da sukari, aka rufe iyaka a 1984 daidai lokacin da wani farin ya sake afkawa, 'yan uwanmu na Nijar sun ji jiki ƙwarai a wannan shekara. Duk wannan ana yi ne don kada a taɓa naira. Sai 1986 ganga ta faɗo ƙasa da dala 15, Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka buɗe kasuwar gwanjon dala a watan Satumba, naira ta tashi daga kusan ɗaya da wani abu zuwa huɗu da ɗoriya a dala. Abin da Indunusiya ta yi a hankali tana da kuɗi a hannu, mu sai muka yi shi a gigice aljihu wayam ga bashi a wuya. A wannan shekarar aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya, manoman koko sun ɗan ji daɗi don farashi ya tashi, amma ba a ajiye komai a gurbin hukumar ba, babu mai tantance inganci, babu mai raba iri, babu mai ba da tabbacin saye, aka gudu daga gara aka faɗa gidan zago. Auduga ta shiga rububi, iri ya gauraye.

Masaƙu su ne suka fi ba ni tausayi. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san yadda take in an busa jiniyar canjin aiki, kekuna da babura su toshe titi, masu abinci da masu shayi da masu gidan haya duk a jikin masaƙa suke ci. Injinansu da sinadarin rini duk da dala ake saye, dala ta yi tsada, wutar NEPA babu sai janareto da baƙin mai, sannan aka shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995 aka ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, atamfar Sin ta biyo ta Kwatano ta ratsa Nijar ta sauka a Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Na taɓa bi ta wajen da yamma na ga ciyawa ta fi mutum tsawo a harabar, wani dattijo da ya yi shekara ashirin a kan injin saƙa yana zaune a bakin ƙofa yana sayar da rake, ya ce min har ranar bai karɓi haƙƙinsa na sallama ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mun sake samun dama irin ta 1973 muka sake bin sawunmu na da. Daga 2003 zuwa 2014 mai ya yi tsada, har ya wuce dala 100, tattalin arziki yana girma kashi 6 zuwa 7 a shekara, wayar salula ta shigo a 2001 ta buɗe sana'o'i, a 2005 aka yafe mana bashin dala biliyan 18 muka biya 12, aka buɗe asusun rarar mai a 2004 har ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008. Nan kam an yi abin kirki. Amma gwamnoni suka ce a raba, aka yi ta raba, tallafin mai yana cin nasa, da farashi ya karye a 2014 ba wani abin kirki a ciki, a 2022 ma abin da ya rage bai kai dala miliyan ɗaya ba. Sai aka koma ɗaure naira a 197 kan dala ɗaya ana rabon dala ga wanda ya san wani, tattalin arziki ya karye a 2016, ya sake a 2020, sannan a 2023 aka cire tallafi aka saki naira lokaci guda, ta wuce 1,500, tsadar kaya ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. In ka ajiye 1974 zuwa 1986 kusa da 2004 zuwa 2023 kamar hoto ɗaya aka wanke sau biyu.

Shinkafa kaɗai ta isa ta nuna yadda ake wasa da hankalin mai gona. An hana shigo da ita a 1985, aka buɗe a 1995, aka yi ta ɗaga kuɗin fito ana saukewa, a 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da ita dala aka ƙaddamar da bashin manoma a Kebbi, a 2019 aka rufe iyaka, mutane suka ci bashi suka kafa injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa, har aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022 aka ɗauki hoto. A Oktoban 2023 aka ɗage hanin dalar, a 2024 aka yafe kuɗin fito na kwana 150 a kan shigo da hatsi. Na san yunwa ake ji a gari kuma mai saye ma ɗan ƙasa ne, ban ce a bar shi ya mutu ba. Amma wanda zai haƙa rijiyar burtsatse a gona ko ya sayi injin casa lissafin shekara goma yake yi, ba na wata biyar ba. Wani ɗan uwana da ke noman rani a wajen Kura ya sayi taki da fetur ɗin ban ruwa a farashin bayan cire tallafi, ya zo girbi ya tarar da shanshera ta faɗi, da kyar ya fitar da kuɗin takinsa. Da na tambaye shi shirin bana sai ya ce kadada biyu daga cikin biyar zai yi wa shinkafa, sauran albasa zai zuba, ɗansa babba kuma ya riga ya karɓi Keke Napep haya ya tafi Abuja.